Yadda ake zaɓen itatuwa masu 'ya'ya don ciyar da tsuntsaye da namun dawa

Wanda ya dasa mangwaro ashirin zai ga jemagu da kurege sun cika masa fili na wata biyu ko uku, daga nan su ɓace sai baɗi. Wanda ya dasa ɓaure ɗaya, magarya uku, kanya, faru da 'yan ƙananan itatuwa masu ƙaya a gefe, itatuwansa ba su kai na wancan yawa ba, amma kusan kowane wata akwai abin da ke nuna a cikinsu. Tsuntsu ko dabba na zama ne a wurin da abinci ba ya yankewa. Saboda haka zaɓen ice a wannan aikin lissafin watanni ne tun kafin a kai ga maganar kyau ko girma. Misalan da ke ƙasa na ƙasashe masu zafi ne, masu damina ɗaya da dogon rani, amma tsarin lissafin ɗaya ne ko ina.

Fara da karanta filin

Kafin ka nemi ko da dashe ɗaya, zagaya kewayen filin, tafiyar kamar kilomita guda ta kowane ɓangare, ka rubuta itatuwan da ke nan da kansu. Abin da ya yi yawa a unguwar ba sai ka ƙara shi ba. Abin da ya ɓace shi ne aikinka. Zauna da sassafe da kuma dab da magariba na 'yan kwanaki ka ga wa ke wucewa. Duba kashin tsuntsaye a ƙarƙashin rassa da kan katanga, ƙwallayen da ke ciki za su gaya maka abin da suke ci. Tarin tauna-a-tofar na 'ya'yan itace a gindin bishiya alamar jemagu ce, domin sukan tsotse ruwan su zubar da tuƙar.

Sai ƙasa. Haƙa rami mai zurfin santimita 50, cika shi da ruwa, bar shi ya tsotse, ka sake cikawa. In ruwan na biyu ya ƙare cikin 'yan sa'o'i, ƙasar na sakin ruwa sosai, aduwa da magarya da anza da danya za su ji daɗinta. In ka dawo washegari ka tarar da ruwa kwance, laka ce mai riƙe ruwa, gwanda za ta ruɓe a wurin, amma malmo da ɗinya da ɓaure za su yi. In digarka ta ci karo da marmara a kusa, sai ka fasa ta a gurbin dashen, in ba haka ba saiwar za ta yi ta zagaye a sama, iskar farkon damina ta tuge icen.

Kada ka wuce kututturan da ke toho. Saiwarsu ta riga ta kai ga danshi, kuma tohon da aka kare daga awaki da wuta yakan yi a shekara biyu abin da sabon dashe ba zai yi a biyar ba. Zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane kututture, ka sare sauran.

Takardar wata goma sha biyu

Ja layi goma sha biyu a takarda, kowane layi wata guda. A gaban kowanne rubuta icen da ke fure da wanda 'ya'yansa ke nuna a lokacin, cikin waɗanda ka gani a kewaye. Layukan da suka fito fayau su ne za ka cike. Watannin kan gusa gaba ko baya gwargwadon ruwan yanki, don haka tambayi makiyaya da masu zuma da maharba, sun fi kowa riƙe wannan lissafi.

A dunƙule, ga yadda abin yake tafiya. Daga kaka zuwa sanyi, magarya da dargaza ke nuna, kanya ta biyo baya cikin sanyi. Aduwa da kurna na riƙe da rani. Ƙarshen rani zuwa bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare, ƙwari sun yi ƙaranci, tafkuna sun ƙafe, shi ne matsatsin shekara. Nan ɗorawa ke fitar da tuntunta, jemagu su sha ruwan furen da dare, ƙudan zuma su ƙarasa da asuba, kuma nan danya ke fara zuba. Farkon damina na faru ne da tsada da gwandar daji da anza da kaɗanya. Ɗinya tana zuwa can tsakiyar damina zuwa ƙarshenta.

Gawo na da nasa hali na daban. Yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani, ya yi fure bayan ɗaukewar ruwa, 'ya'yansa su zubo a tsakiyar rani. Wannan saɓanin ne ya sa ice ɗaya na gawo ke ba da inuwa, fure da abinci a daidai lokacin da sauran suka tsaya tsirara.

In fili ba zai ɗauki komai ba, fifita masu nuna a rani da bazara. Da damina dawa na ciyar da kanta.

Girman 'ya'ya da bakin mai ci

Ƙaramin tsuntsu haɗiye ɗan ice yake yi ɗungurungum, don haka abin da ya wuce faɗin bakinsa ba nasa ba ne. 'Ya'yan da ba su wuce santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, irin na faru, dargaza, cediya da magaryar daji, su ke ciyar da nau'o'i mafi yawa. Masu girman kanya da ɗinya da ɓaure na cilakowa ne, aku, tsirya, kurciyar gamji, biri da jemage. Manya irin danya, aduwa, giginya da mangwaro sai masu haƙori, ko kuma bayan sun faɗo sun fashe.

Launi ma na magana. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu na kiran tsuntsaye, domin da ido suke nema. Jemage da hanci yake bi, shi ya sa abin da yake so yakan zama kore-kore ko rawaya mai ƙamshi, yana reto a fili inda fiffike ba zai sarƙe ba.

A nan ne iri mai aure kan ruɗi mutane. Magarya mai aure tana ba da 'ya'ya da wuri, shekara ɗaya ko biyu, manya kamar ƙwan kurciya ko fiye, amma ƙananan tsuntsaye sai dai su caccake su su bari. Don namun dawa, ta daji mai ƙananan 'ya'ya ta fi. Mai son duka biyu sai ya haɗa su.

Akwai kuma abin da ba a gani daga nesa. Yawancin tsuntsaye, har masu cin 'ya'yan itace, da tsutsotsi da ƙwari suke ciyar da 'yan tsakinsu, domin nan ne sinadarin gina jiki yake. Dangin kurciya da hasbiya ne suka fita daban, su wani farin ruwa suke fitarwa daga maƙoshi su ɗura wa 'ya'yansu. Icen da ya samo asali a yanki yana ɗauke da ƙwarin da suka saba da ganyensa, baƙon ice kuwa sau da yawa ganyensa sumul yake, ba abin da ya taɓa shi. Ganye mai 'yan huji alamar lafiya ce a irin wannan lambu.

Dangin ɓaure

In wuri zai ɗauki babban ice guda tak, a ba dangin ɓaure: ɓaure, gamji, durumi, cediya. An rubuta sama da nau'i 1,200 na tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa da ke cin 'ya'yan wannan dangi a duniya. Sirrin yana cikin 'yan ƙwarin nan da kowa ke gani in ya ɓare ɗan ɓaure. Furen ɓaure a cikin ɗan yake, a rufe. Wata 'yar mitsitsiyar ƙwaro, tsawonta milimita ɗaya zuwa biyu, ita ke kutsawa ta ƙofar da ke ƙasan ɗan, ta kai garin fure, ta yi ƙwai a ciki. Galibi kowane nau'in ɓaure da nasa ƙwaron. Bayan ta fito duniya kwana ɗaya ko biyu kawai take rayuwa, don haka dole a kowane lokaci a sami wani ice a yankin da ke shirye ya karɓe ta. Wannan ne ya sa ɓaure ba sa nuna tare: wannan ya zuba yau, na can ƙetaren rafi sai bayan wata biyu, wani ma ya yi sau biyu ko uku a shekara. Ice uku a wurare daban-daban na iya toshe giɓin da babu wani icen da zai toshe.

Abin lura biyu. Na farko, nau'in da babu irinsa a yankinka yana iya rasa ƙwaronsa, 'ya'yan su yi ta zubewa ɗanye, don haka ɗauki wanda ka ga yana nuna a kusa. Na biyu, saiwa. Tana bin danshi ta fasa bututu, ta shiga masai da rijiya, ta ɗaga daɓe. Bar aƙalla mita 15 zuwa 20 tsakaninsa da gini. In ka ga ɗan tsiro ya fito a tsagin katanga, tsuntsu ne ya ajiye shi, cire shi tun yana ɗan yatsa.

Dasa su ba wuya. Sari reshe miƙaƙƙe, tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kaurin damtse, dab da faɗuwar damina. Zage ganyen, jingine shi a inuwa kwana biyu ko uku ƙaron ya bushe, sannan ka binne kashi ɗaya cikin uku a rami, ka danne ƙasa sosai kada ya riƙa girgiza. Cediya da durumi sun fi saurin kamawa ta wannan hanya. Faru da danya ma kan kama.

Namiji da mace

Mutum kan yi shekara goma yana ban ruwa ga kanya, ta yi fure ba ɗa. Namiji ya dasa. Kanya, danya, faru, giginya, goruba da dabino duk jinsinsu a rabe yake, ice guda namiji, wani mace, kuma ba a gane su a dashe sai sun fara fure. Mafita ita ce a dasa huɗu ko biyar daga iri, in sun nuna kansu a rage mazan, a bar ɗaya. Ga masu kamawa ta reshe, sari reshen daga icen da ka ga yana 'ya'ya da idonka, sannan ka tabbata akwai namiji a kusa. Gwanda ma haka: shuka uku a gurbi, namijin shi ne mai dogayen sillayen fure masu reto, a bar ɗaya ga mata kamar goma.

Hawa uku

Fili mai dogayen itatuwa da sharariyar ƙasa a ƙarƙashi wurin hutun mutane ne. Ƙaramin tsuntsu ba ya sakin jiki ya ci abinci in babu duhuwar da zai faɗa cikinta idan shirwa ta kawo sura. Tsara dashen hawa uku: manya a sama, tazarar mita 10 zuwa 15, matsakaita irin magarya, aduwa da faru, mita 5 zuwa 6, sai ƙanana irin gwandar daji, tsada, dargaza, anza da sabara, mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Ƙananan a dasa su gungu-gungu, uku ko biyar wuri guda, kada a jera su ɗai-ɗai kamar sojoji. Tsada ta fi son a sa ta kusa da wasu itatuwa, domin saiwarta kan manne wa ta maƙwabta ta ɗan sha daga gare su.

Shingen magarya da aka dasa kusa-kusa, santimita 50 zuwa mita ɗaya, aiki uku yake yi: abinci, sheƙa, da tare dabbobi. In za ka iya haɗa shingen da wata duhuwa ko bakin rafi da ke kusa, yi, domin bushiya da kurege ba sa son ƙetare fili tsirara.

A fili mai faɗin mita 15 da tsawon 30 wanda ke da gini a ciki, manta da ɓaure da kuka da ɗorawa. Magarya biyu, faru biyu ko uku, gwanda huɗu, gungun gwandar daji da dargaza a kusurwa sun isa. A kadada guda kuwa akwai wurin ɓaure biyu ko uku, gawo, ɗorawa, gungun kanya da danya, da shinge a kewaye.

Haɗa masu sauri da masu nawa. Gwanda kan yi 'ya'ya cikin shekara, magarya uku zuwa huɗu, danya daga iri bakwai zuwa goma, kaɗanya kuwa sai ta kai 15 zuwa 20. Masu saurin su riƙe wurin kafin manyan su iso.

Waɗanda za a guje wa

Duk abin da tsuntsu ya ci, zai kai irinsa gonar wani. Lantana, mai ƙananan furanni launi-launi da baƙaƙen 'ya'ya, tsuntsaye na sonta, amma tana mamaye makiyaya ta zama sarƙaƙiya, ganyenta kuma guba ne ga shanu. Prosopis juliflora, wata bishiya mai ƙaya da aka kawo daga nahiyar Amurka, ta cinye filayen kiwo da bakin ruwa a ƙasashe da dama. Dogon yaro da gwaiba na da amfaninsu, sai dai a wurare masu danshi sukan bazu su danne itatuwan asali, don haka kada a ƙara su kusa da gandun daji. Alamar gane mai mamaya mai sauƙi ce: baƙon ice ne, kuma ka ga 'ya'yansa sun tsiro birjik a inda ba wanda ya shuka.

Iri da dashe

Tara iri daga itatuwa da yawa, biyar ko goma masu nisa da juna, kada duka su fito daga uwa ɗaya. Wanke naman ɗan daga ƙwallon. Irin gawo da ɗorawa ɓawonsu na da tauri: a kankare gefe kaɗan da wuƙa, ko a zuba musu ruwan zafi da aka sauke daga wuta a bar su ciki kwana ɗaya. Ƙwallon magarya a fasa shi a hankali a ciro irin. Kaɗanya ba ta jira, irinta na mutuwa cikin 'yan makonni, a shuka shi sabo a gurbin da zai zauna. Gawo ma kada ya wuce wata uku ko huɗu a leda, domin doguwar saiwarsa za ta naɗe.

In sayen dashe za ka yi, ɗaga ledar ka duba ƙasanta. Saiwar da ta huda ta shiga ƙasa, ko ta murɗe kamar gammo, matsala ce da za ta bi icen har girmansa. Ɗan gajere mai kauri, santimita 30 zuwa 50, ya fi dogo siriri.

Dasa bayan ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙu zurfin kamu biyu, da yamma. Rami santimita 50 ta kowane gefe. Ware ƙasar sama, gauraya ta da bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen taki, ita za ta koma ramin. Ɗanyen taki na ƙona saiwa ya kuma gayyato gara. Yanke gindin ledar, tsaga gefenta, cire ta gaba ɗaya. Wuyan dashen ya tsaya daidai inda yake a leda. Zurfafa shi na ruɓar da kara, kuma wannan kuskuren na kashe dashe fiye da ƙishirwa. A ƙasa mai gangare ko fako, yi kunya mai siffar rabin wata a ƙasan gurbin ta tare ruwan sama.

Shekaru ukun farko

Akuya ɗaya na gama aikin shekara cikin minti biyu. Kewaye kowane dashe da waya ko ƙaya, tsayin mita ɗaya da rabi, da faɗin da baki ba zai kai ga ganye ba. A ranin farko ba shi lita 15 zuwa 20 sau biyu a mako, a na biyu sau ɗaya, daga nan itatuwan asali kan riƙe kansu. Yayyafin kullum na sa saiwa ta tsaya a sama. Rufe gindin da busasshiyar ciyawa kaurin santimita 5 zuwa 10, amma bar tazarar tafin hannu daga karan saboda gara. Share ciyawa mita biyu zuwa uku a kewayen filin kafin ta bushe, don gobara.

Kada ka yi feshi, musamman lokacin fure. Maganin ɓera ma haka: ɓeran da ya ci ya fito yana layi, mujiya ko shirwa ta ɗauka, ita ma ta mutu, ɓeraye su ƙaru. Sassabe a yi shi bayan an gama 'ya'ya, kuma a leƙa ko akwai sheƙa. Busasshen ice da ba ya barazana ga gini a bar shi tsaye, cilakowa da aku a kogo suke ƙwai. Ko busasshen reshe ka kafa a tsakiyar fili, tsuntsaye za su sauka a kai, bayan damina ka tarar da tsirrai a gindinsa daga kashinsu, sai ka zaɓi na bari. Kauci kaɗan a kan babban ice abinci ne ga masu shan ruwan fure, amma in ya fara rufe kaɗanya ko ƙaramin ice, a sare reshen da ya kama.

Ajiye ruwa a faffaɗan kasko, zurfin santimita 3 zuwa 5, da dutse a ciki don ƙudan zuma, mita biyu ko uku daga duhuwa yadda kyanwa ba za ta yi kwanto ba. Canja shi duk kwana biyu ko uku, domin sauro na iya kammala girma a ruwa cikin kamar mako guda.

Baƙin da ke zuwa da nasu

Jemagu na kai iri nesa, suna kuma haɗa furen kuka da ɗorawa, amma a kiyaye tazara. Cutar Nipah da ta ɓarke a Malesiya a 1998 ta bi ta aladun da ake kiwo a ƙarƙashin itatuwan da jemagu ke ci. Kada reshen ice mai 'ya'ya ya rufe garke, rijiya ko kwatarniyar shan dabbobi, kada a ci ɗan icen da ke da shaidar haƙori, kada kuma a taɓa jemage da hannu.

'Ya'yan da suka zube na ciyar da na ƙasa, a nesa da gida a bar su. Kusa da ɗaki kuwa suna tara ɓeraye, maciji ya biyo, don haka a share mita goma na kewayen gini, ciyawa ta zama gajera. Mai maƙwabtaka da lambun mangwaro ko lemo na sayarwa ya riƙa tsince zubabbun gwaiba da danya ya binne su zurfin rabin mita, domin ƙudan 'ya'yan itace a cikinsu yake hayayyafa. Inda birai ke ɓarna, dasa itatuwan can gefen daji, nesa da masara.

Icen da ya kai shekarunsa bai yi 'ya'ya ba, bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya: namiji ne, ko babu namiji kusa, inuwa ta rufe shi, domin yawancinsu na son rana ta sa'a shida ko fiye, taki ya yi yawa ya tafi ganye, an sassabe shi dab da fure, ko wuta na lasarsa duk shekara. In kuwa yana fure furen na zubewa, tsaya a gindinsa da hantsi ka saurara. In ba ka ji gunjin ƙudan zuma ba, bincika ko ana feshi a gonakin da ke kewaye.